Yadda Ake Sayen Kifin Sikilid Barbarar Yanyawa, a Rene Shi Har Launinsa Ya Fito

Yawancin masu sayen sikilid a karon farko launi ne ke kai su shago, kuma launin ne ke cutarsu. Mutum zai ga ɗan kifi bai kai tsawon yatsa ba yana walƙiya da ja da shuɗi, ya biya ya tafi da shi, bayan wata guda kifin ya koma toka-toka. A tankin da ke gefe kuwa akwai wani ɗan kifi mai ruwan ƙasa da ba wanda ya kula shi, alhali nan da shekara shi zai fi su duka kyau. Launin sikilid ba a shago ake sayensa ba. Abin da ake saye shi ne jini mai kyau da lafiya, launin kuma a gida ake rainonsa.

Sikilid babban dangi ne, karfasa ma 'yar gidan ce. Barbarar yanyawa a cikinsu su ne waɗanda masu kiwo suka haɗa jinsi biyu ko fiye suka samar. Uku za ka fi cin karo da su. Akwai kifin ɗawisu, wanda asalinsa jinsin Aulonocara ne na tafkin Malawi, aka gauraya shi da wasu kifayen tafkin aka samu irin su OB mai dabbare-dabbare da dragon blood. Akwai kifin aku, wanda masu shago ke kira blood parrot, an samar da shi a Taiwan wajen 1986 daga sikilid na Amurka ta Tsakiya. Sai flowerhorn mai tozo a goshi, wanda masu kiwo a Malesiya suka fito da shi a shekarun 1990, shi ma daga kifayen Amurka ta Tsakiya.

Kayan da za ka tanada

Babban tanki na gilashi mai murfi. Ga ɗawisu, kada ya gaza lita 200, tsawonsa santimita 120, domin tsawon tanki ya fi zurfinsa amfani ga kifin da ke kora da gudu. Kifin aku yana kai santimita 20, guda biyu suna son lita 200. Flowerhorn yana kai santimita 30 har ya wuce, shi kaɗai yana buƙatar lita 280 ko fiye.

Ƙaramin tanki na killacewa, lita 40 zuwa 60. In babu, babbar robar ajiya mai tsabta wadda ba a taɓa zuba sabulu ko magani a cikinta ba za ta yi.

Matatar ruwa mai ƙarfin juya ruwan tankin gaba ɗaya aƙalla sau 5 a awa, da famfon iska. Sikilid ci gare su, kashi gare su, ƙaramar matata ba ta ɗaukar nauyinsu.

Hita da ma'aunin zafi. Ko wurinka da ɗumi, ka ajiye ma'aunin, saboda hawa da saukar zafi tsakanin rana da dare ya fi sanyin kansa wahalar da kifi.

Kayan gwajin ruwa na amoniya, NO2 da NO3 (sinadaran da ke taruwa daga kashin kifi, bayaninsu na Mataki na 2), da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Na ɗigawa a kwalba ya fi na takarda gaskiya. A wurina wannan shi ne kayan da bai kamata a yi masa rowa ba.

Maganin cire kulorin, da yashi mai laushi, da duwatsu marasa kaifi, da fitila, da koma biyu, da bokitin da ba a aikin komai da shi sai na kifi, da tiyon zuƙe ruwa. Abinci kuma za mu yi maganarsa a wurinsa.

Mataki na 1: Tsayar da gida ɗaya

Kada ka haɗa ukun nan a tanki guda. Ɗawisu yana son ruwa mai nauyin ma'adani, pH daga 7.8 zuwa 8.6, zafi digiri 24 zuwa 27. Aku da flowerhorn sun fi sakewa a pH wajen 7 zuwa 7.8 da zafi digiri 26 zuwa 29. Hali ma ya bambanta. Aku matsoraci ne, bakinsa ba ya rufuwa sosai, ba ya iya rama cizo. Flowerhorn kuwa mafaɗaci ne, yana iya kashe duk abin da aka sa masa, har hita yakan kai wa duka. In kana son tanki mai launuka da yawa suna kai da kawowa, ɗauki ɗawisu. In kifi ɗaya kake so wanda zai san ka, ya bi hannunka ta bayan gilashi, ɗauki flowerhorn. Aku shi ya fi sauƙi ga sabon shiga.

Mataki na 2: Nunar da ruwa kafin ka je shago

Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a soson matata suna mai da ita NO2, ita ma guba, wasu kuma su mai da NO2 zuwa NO3, wadda kifi ke jurewa in ba ta taru ba. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai an reno su.

Cika tankin, sa maganin kulorin, kunna matata da hita, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kullum ya ruɓe a ciki. Gwada ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Amoniya za ta hau ta sauka, NO2 ta hau ta sauka, NO3 ta bayyana. Ranar da amoniya da NO2 suka tsaya a sifili, ruwa ya nuna. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. In ka samu tsohon soson matata daga tankin wani mai lafiyayyun kifi, ka kawo shi a jiƙe ka cusa a matatarka, aikin zai ragu sosai.

In ba ka da maganin kulorin, ruwan famfo da aka bari a buɗe da famfon iska kwana biyu yakan rabu da kulorin. Amma in kuloramin ake sa wa ruwanku, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, ajiya ba ta kore shi, dole sai magani. Ga ɗawisu, in pH na ruwanka ya yi ƙasa, sa dakakken murjani ko farar ƙasa ta dutse a cikin matata, zai ɗaga shi a hankali. Sodar girki, wato baking soda, ma tana yi, amma da kaɗan-kaɗan ake farawa ana gwadawa, a narka ta a bokiti tukuna.

Mataki na 3: San inda launin yake fitowa

Wannan ɗan bayanin zai hana a sayar maka da ƙarya. A fatar kifi akwai ƙwayoyin launi iri-iri. Masu baƙi suna iya bazuwa ko su tsuke cikin 'yan daƙiƙu, shi ya sa kifin da ya tsorata ko ya fusata yake sauya kama a gabanka. Masu ja da rawaya da ruwan lemo suna dogara ne da sinadarin karotinoyid, irin wanda ke ba karas launinsa, kuma kifi ba ya iya ƙera shi a jikinsa, sai ya ci shi a abinci. Shuɗi da ƙyalli kuwa ba rini ba ne, wasu siraran lu'ulu'u ne a fata da ke mayar da haske. Don haka abinci zai ƙara ja, amma babu abincin da zai ba kifi shuɗin da bai gada ba.

A ɗawisu akwai ƙarin sharaɗi biyu. Namiji ne ke yin ado, mace takan zauna a ruwan ƙasa ko toka har ta mutu, sai dai a OB da dragon blood inda matan ke da ɗan dabbare ko ruwan hoda marar ƙyalli. Sannan a cikin mazan ma, wanda ke riƙe da tankin shi ke kunna launinsa duka, na ƙasa da shi su ɓoye nasu don kada a doke su.

Mataki na 4: Duba lafiya kafin ka dubi kyau

Da ka shiga shago, kada ka nuna kifi nan take. Tsaya gaban tankin minti goma. Dubi dukan kifayen ciki, ba wanda ya burge ka kaɗai ba, domin ruwa ɗaya suke sha. In akwai matacce a ciki, ko mai fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, ko mai goga jiki a dutse, bar tankin gaba ɗaya.

A jikin wanda kake so, ga abin da za ka nema. Ciki a cike daidai, ba a lotse ba, ba a kumbure ba. Ido garau. Fukafukai a buɗe, ba a manne da jiki ba. Numfashi a natse. Kashi mai launin abinci, ba fari dogo kamar zare ba, wanda alama ce ta ciwon hanji. Kai da gefen fuska babu ƙananan ramuka, musamman a flowerhorn. Ɗan yagewar jela daga faɗa ba komai ba ne, tana tofowa, amma jelar da bakinta ya yi fari yana zagwanyewa ciwo ne.

Barbarar yanyawa suna yawan zuwa da naƙasa, saboda haka dubi kifin ta gaba da ta sama. Ƙashin baya ya miƙe, baki kada ya karkace. A aku, zaɓi wanda bakinsa ya fi kusa da rufuwa kuma yake iyo daidai, ba mai tangaɗi ko mai kifewa ba. Roƙi mai shago ya ba su abinci a gabanka. Sikilid mai lafiya ba ya jan aji a kan abinci. Wanda ya ɗauka ya tofar, ya sake ɗauka ya tofar, bar shi.

Tambayi kwana nawa kifin ya yi a shagon. Wanda ya sauka jiya bai gama nuna abin da ya ɗebo a hanya ba. In ana iya riƙe maka shi mako guda, ya fi.

Mataki na 5: Gane launin ƙarya

Nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, don haka zan daɗe a kai.

Hanya ta farko ita ce homon. Wasu gonakin kifi suna cakuɗa sinadarin homon na maza a abincin ƙananan ɗawisu kafin a tura su kasuwa. Cikin ɗan lokaci kowane kifi, mace da namiji, babba da ƙarami, sai ya ɗauki launin ƙasaitaccen namiji. Alamar ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. In ka ga tanki cike da kifaye 'yan santimita 3 ko 4, kowannensu ya yi ado kai da jela, babu mai ruwan ƙasa ko ɗaya, to an ba su. A tankin da ba a taɓa ba, cikin kifaye ashirin, ɗaya ko biyu ne za su nuna launi sosai, wasu su nuna kaɗan a fuska, sauran su zauna a dushe. Launin homon kuma yakan yi kauri iri ɗaya ko'ina a jiki, ba ya hawa da sauka da yanayin kifin.

Da ka kai irin wannan kifi gida ya daina samun sinadarin, launin zai zube cikin 'yan makonni. In namiji ne kuma ba a cika masa ba, zai iya dawo da nasa na gaskiya daga baya. In mace ce, shi ke nan, ka sayi kifi mai ruwan ƙasa da kuɗin namiji. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Homon yana iya lalata haihuwa, ya tsayar da girma, ya taɓa hanta. Mai shago da yawa ba shi ya yi ba, haka aka kawo masa, amma mai gaskiya in ka tambaye shi zai gaya maka abin da ya sani.

Hanya ta biyu ita ce rini, kuma aku aka fi yi wa. Launin aku na gaskiya ruwan lemo ne, ko ja, ko rawaya. In ka ga aku kore, ko shuɗi, ko shunayya, ko ruwan hoda mai kashe ido, rina shi aka yi, ko da allura ko ta hanyar tsoma shi a sinadarin da ke cinye santsin fatarsa kafin a sa shi a rini. Akwai waɗanda ake yi wa zane a jiki, furanni ko rubutu. Akwai kuma waɗanda ake yanke wa jela tun suna ƙanana don jikin ya yi siffar zuciya. Da yawa suna mutuwa tun kafin su iso shago, waɗanda suka rayu kuma rinin yana zubewa cikin watanni ya bar su da raunin jiki. Kada ka saya, ko da don tausayi ne, domin duk wanda aka saya wani za a rina a maye gurbinsa.

Hanya ta uku ba ta kai waɗannan muni ba: fitila. Fitila mai ja ko mai shuɗi tana ƙara wa kifi abin da ba shi da shi. Ce a kamo shi a roba mai haske ka duba shi a hasken rana ko farar fitila. In ta intanet za ka saya, hoto bai isa ba, nemi bidiyon ainihin kifin da za a turo maka, ba na ubansa ko na wani ɗan'uwansa ba.

Hoton iyaye dai yana da amfaninsa, in wurin mai kiwo kake saye kai tsaye, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai ka sani, a barbarar yanyawa gado ba ya tafiya a layi ɗaya. Ƙyanƙyasa ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wani ya fito ja, wani fari-fari, wani ya koma kamar kakansa. Sayen ƙarami sosai zaɓen tumun dare ne. Ya fi araha, amma ka saya da sanin haka.

Mataki na 6: Zaɓi girman da ya dace, ka gane namiji

Ga ɗawisu, girman da na fi so a saya shi ne santimita 6 zuwa 8. A nan namiji ya fara tona kansa: ɗan shuɗi mai ƙyalli a leɓe da kumatu, fiffiken baya da na ƙarƙashin ciki sun fara tsini a ƙarshe, wani lokaci da farin layi a saman fiffiken baya. Na mace a zagaye suke. Ɗigon da ke kama da ƙwai a fiffiken ƙasa ba hujja ba ce, mata ma sukan yi shi. Hanya mafi tabbas ita ce a juya kifin a hannu mai jiƙe a dubi ramuka biyu da ke ƙarƙashin cikinsa. A namiji kusan girmansu ɗaya, a mace na bayan ya fi faɗi. Wannan aikin wanda ya saba ne, kada ka fara koyonsa a kan kifin shago.

Dabara ɗaya: a tankin da babban namiji ya riga ya yi ado, dubi na biyu da na uku a girma. Sau da yawa maza ne masu jini iri ɗaya da shi, tsoro ne kawai ya hana su nunawa, kuma ana sayar da su a farashin marasa launi.

Ga aku, ƙanana suna zuwa da ruwan ƙasa mai duhu da ratsi-ratsi, wannan daidai ne. Ga flowerhorn, jira ya kai santimita 8 zuwa 10, lokacin da tozon ya fara tasowa, ɗigon ƙyalli da baƙin zanen gefen jiki suka bayyana. Tozo gado ne, kuma na maza ya fi girma. Wanda bai gaje shi ba, ko buhun abincin "ƙara tozo" ka ba shi ba zai yi ba.

Mataki na 7: Kai shi gida, ka killace shi

A ɗaure kowane kifi a ledarsa, ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, a sa ledar a cikin kwali ko jaka mai duhu. A gida, kashe fitila, ɗora ledar a kan ruwan tankin killacewa minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita. Buɗe ta, ka riƙa zuba ruwan tankin kofi-kofi na tsawon wasu minti 20. Sannan ka kamo kifin da koma ka sake shi, ruwan ledar kuma ka zubar. In kifin ya kwana a hanya, kada ka ja lokaci bayan buɗe ledar, domin da iska ta shiga amoniyar da ta taru a ciki take ƙara dafi. Daidaita zafi kawai ka fitar da shi.

Kada ka ba shi abinci a ranar farko. Zai dushe, zai ɓuya, wataƙila ratsi masu duhu su fito masa. Tsoro ne. Sa masa tukunyar ƙasa ko guntun bututu ya shige. Bar shi a killace mako 3 zuwa 4. Aku yakan yi makonni yana ɓuya kafin ya saba da mutum, kada ka riƙa ɗaga maɓoyarsa kana leƙa shi.

Mataki na 8: Ruwa, sannan abinci

Na sa ruwa a gaba da gangan. Canjin ruwa ya fi kowane abincin launi fito da launi. Duk mako zuƙe kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, ka bi ƙasan tankin da tiyo ka kwashe kashi, ka mayar da sabon ruwa mai zafi ɗaya da na ciki wanda aka cire wa kulorin. Riƙe NO3 ƙasa da 40 a ma'aunin kayan gwajinka, in ta tsaya wajen 20 ya fi. Soson matata a cikin tsohon ruwan tanki ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba, in ba haka ba ka kashe ƙwayoyin da ka yi wata guda kana reno.

Abinci kuwa, karanta bayan gwangwanin. Abin da aka fara lissafawa shi ya fi yawa a ciki, don haka nemi wanda ya fara da kifi ko ƙananan jatan landen teku da ake kira kiril, ba garin alkama ba. Nemi kuma sifirulina (wata irin gansakuka) da astazantin (wani nau'in karotinoyid), su ne ke ciyar da ja da rawaya. Sayi ƙaramin gwangwani, ka rufe shi da kyau nesa da zafi da haske, domin waɗannan sinadarai suna lalacewa bayan an buɗe. In ba ka samu irin wannan ba, niƙa ɗanyen jatan lande da ɓawonsa, ka haɗa da dafaffen koren wake da aka ɓare da ɗan garin sifirulina, ka shimfiɗa a leda ka daskarar, kana gutsura kaɗan-kaɗan.

Sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Rana ɗaya a mako a bar su da yunwa. Kada ka ba kifayen Malawi naman dabba ko zuciyar sa, jajayen tsutsotsi ma a taƙaita, saboda kumburin ciki da ke kashe su cikin 'yan kwanaki. Aku yana son ƙananan ƙwayoyi masu nutsewa, domin ɗaukar abinci a saman ruwa yana ba bakinsa wuya. Kuma duk abincin da ya mai da kifi ja cikin kwana uku, har mata suka fara ado, ka ajiye shi, akwai abin da aka sa a ciki. Abincin kirki sai an yi makonni kafin a ga aikinsa. Yawan astazantin ma yana da illarsa ga ido: yakan mai da rawaya ruwan lemo, fari ya koma ruwan hoda.

Mataki na 9: Shirya zaman tanki

Ga ɗawisu hanya biyu ce. Ko namiji ɗaya da mata huɗu, ko maza zalla. In launi kake nema, maza zalla, 6 zuwa 8 a lita 200, kowanne da kamarsa daban. Maza biyu masu launi ɗaya ba sa zama lafiya, ɗaya zai yi ado ɗayan ya dushe har abada. Mafi munin lissafi shi ne kifi biyu ko uku, domin duk dukan a kan guda yake sauka. In suna da ɗan yawa faɗan yana rarrabuwa. Mace ɗaya da ta ɓuya a cikin tankin maza ta isa ta hargitsa shi, da ka gane ta ka fitar da ita.

Jera duwatsu yadda za su tare ido, wanda aka kora ya samu inda zai kauce, amma ka bar fili a tsakiya. Ka kafa duwatsun a kan gilashi kafin ka zuba yashi, saboda suna tono. In za ka ƙara sababbi, sa uku ko fiye a lokaci guda, da dare, bayan ka sauya wa duwatsun wuri.

Bango da yashi ma suna taɓa launi, domin kifi yana daidaita duhunsa da inda yake. Baƙin bango yana fito da shuɗi da ja a ɗawisu, amma baƙin yashi yakan sa OB da flowerhorn su yi duhu fiye da kima. Farin yashi fat da fitila mai ƙarfi kuma suna koɗar da su. Yashi mai ruwan ƙasa da bango mai duhu ya fi zama lafiya. Fitila awa 8 zuwa 10 ta isa.

Mataki na 10: Abin da za ka gani, da lokacin da za ka damu

A namijin ɗawisu launi daga fuska yake farawa, ya bi kafaɗa da fukafukai, sannan ya mamaye jiki. Cikarsa sai ya shekara, wasu har shekara biyu. A OB dabbaren yana ƙaruwa yana sauya wuri yayin da kifin ke girma, shuɗin kuma ya hau kansa daga baya. Ɗauki hotonsa duk wata a wuri ɗaya da fitila ɗaya, domin idon da ke ganinsa kullum ba ya lura da canji.

Aku yana sauya riga ne a hankali: duhun yana zubewa fage-fage, rawaya ta fito, ta nuna ta zama ruwan lemo, galibi kafin ya shekara. A flowerhorn akwai wani iri da yakan yi baƙi ƙirin yana ƙarami, sannan baƙin ya saɓule ya bar ja ko rawaya. Masu sabon kiwo sukan ɗauka ciwo ne su yi ta zuba magani. In yana ci, yana iyo, yana tare ka a gilashi, ƙyale shi.

Dushewar da ke da ban tsoro ita ce wadda ta zo tare da ƙin abinci, ko maƙalewa a saman kusurwa, ko saurin numfashi. Ka bi ta a jere. Gwada ruwa tukuna, in amoniya ko NO2 ta wuce sifili canza rabin ruwan yau, ka sake gobe. Baƙaƙen tabo da ke fito wa babban aku kwatsam sau da yawa daga nan suke, ko daga tsangwama, kuma suna gogewa in an gyara. In ruwa lafiya, koma nesa da tankin ka zauna shiru ka ga wa ke korar wa, domin a gabanka duk abinci suke jira, ba sa nuna halinsu. Wanda ake duka, fitar da shi zuwa tankin killacewa ya murmure. Magani shi ne na ƙarshe, kuma sai ka ga alamar ciwo takamaimai.

Mataki na 11: In suka hayayyafa, ko kifin ya fi ƙarfinka

Macen ɗawisu tana riƙe ƙwai a bakinta kimanin mako uku ba ta ci, za ka ga maƙogwaronta ya kumbura. Kowane namijin ɗawisu yana iya barbarar kowace mace, don haka 'ya'yan da aka samu a tankin gauraye barbarar yanyawa ne ko da iyayen tsantsa ne. In za ka ba wani ko ka sayar, faɗa masa haka ƙarara, kada ka laƙa musu sunan wani jinsi na tafkin Malawi. Akwai masu kiwon da ke wahalar adana tsantsar jinsunan nan, kuma mace ɗaya mai gaurayen jini da ta shiga hannunsu da sunan ƙarya tana ɓata musu zuriya gaba ɗaya, tunda matan duk kama suke da juna. Aku kuwa za su yi ƙwai su yi ta gadi, amma yawancin mazansu ba sa haihuwa, ƙwan zai yi fari su cinye shi.

Aku da flowerhorn suna iya shekara goma a raye. In flowerhorn ya yi wa tankinka girma ko ka gaji da faɗansa, mayar da shi shago ko ka nemi mai babban tanki ka ba shi. Kada ka sake shi a kogi, tafki ko madatsar ruwa. A tafkin Matano da ke tsibirin Sulawesi na Indunisiya flowerhorn da aka saki ya hayayyafa ya bazu, yana cin ƙananan halittun da babu irinsu ko'ina a duniya sai a wannan tafkin.